Yammacin da Na Yi Shelar Ruwan Shuka

Ko da na so in manta, ba na jin zan iya mantawa da yammacin wata Talata a ƙarshen bazara, lokacin da na zauna a barandar gidana a Ɗanbatta na rubuta jimla guda a shafinmu, jimlar da ta kusa kawo ƙarshen wani irin gero da wani gida yake riƙe da shi tun zamanin kakansu. Ina ba da labarin ne musamman domin ku da kuka shigo aikin shafin nan daga baya, kuke yawan tambayata dalilin da ya sa nake hana a saki labarin ruwa da wuri, alhali kowa yana ganin ruwan da idonsa.

Ga wanda bai san mu ba, shafi ne ƙarami a intanet, muna wallafa labaran Ɗanbatta da ƙauyukan da suke kewaye da ita: ɗaurin aure, rasuwa, gyaran rijiyar burtsatse, tunkiyar da ta ɓata, yadda kasuwar Lahadi ta ci. Ni ne edita, ko da yake aikina na ainihi koyar da darasin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare. Mataimakiyata ita ce Malama Rabi, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti. Ƙa'idarmu ita ce, ba abin da zai fita sai ɗayanmu ya duba na ɗaya. A ƙarƙashinmu akwai wakilai, mutum guda a kowane ƙauye, duk aikin sa kai suke yi. A nan mai shayi ne, a can ladan ne, a wani wurin mai facin taya.

Da muka fara, na ɗauka mutanen gari ne za su riƙa karanta mu. Ashe su ba su da bukatarmu sosai, domin kafin mu gama rubutu labari ya riga mu isa majalisa. Masu karatunmu na haƙiƙa su ne waɗanda suka tafi: 'yan ci-rani a Kurmi, direbobin manyan motoci, ɗalibai, da matan da aure ya kai su nesa. Su ne suke buɗe shafin da sassafe kamar mai leƙa tsakar gidansu ta kan katanga.

Saboda su ne muka ƙirƙiri wani sashe da muke buɗewa a kowace shekara idan damina ta gabato, mai suna "Ina Aka Yi Ruwa?" Tsarinsa mai sauƙi ne. Duk lokacin da aka yi ruwa, wakilin kowane ƙauye zai fita gona, ba tsakar gida ba, ba kuma ƙarƙashin indararo ba, ya tona ƙasa da hannunsa har ya tarar da busasshiya. Daga nan ya aiko mana da saƙon murya ya faɗi inda laima ta tsaya a hannun nasa. Idan ta tsaya a yatsa, fuskar ƙasa kawai ruwan ya wanke. Idan ta kai tafi, wannan shi ne ruwan da manoma suka fi tsoro, domin yana isa ya tayar da iri daga barci, amma ba ya isa ya raya shi. Sai laima ta kai wuyan hannu ko ta wuce ake kiran ruwa ruwan shuka. Mu kuma ba ma rubuta komai sai washegari, idan saƙonni sun taru, mu jera su ƙauye bayan ƙauye. Mutumin da yake Legas ko Fatakwal ya duba sunan ƙauyensu, ya san abin da zai ce wa mutanen gida game da gonarsa.

Ni na tsara wannan ƙa'ida da hannuna. Ni ne kuma nake tsayawa gaban allo a kowace shekara ina gaya wa ɗalibai cewa ruwan farko a ƙasarmu yanki-yanki yake zuwa, hadari guda yana iya jiƙa gona ya tsallake ta kusa da ita. Ina faɗar wannan ne domin kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani.

A shekarar da nake magana, damina ta yi jinkiri. Shamuwa ta zo ta yi sheƙa a kan tsamiyar bayan makarantarmu, ta zauna tana kallonmu muna kallonta. An kai taki gonaki an zuba shi tsibi-tsibi, an gyara sungumi, an sauko da iri, sama kuwa ta yi fari fat. Kowace safiya ina tarar da saƙonni daga nesa, duk tambaya ɗaya: "Malam, ya ake ciki?" Ni kuma in amsa da cewa muna dai jira, a ci gaba da addu'a. Na yi makonni ina rubuta wannan amsa har yatsuna suka haddace ta. Na gaji da zama mutumin da kullum ba shi da labari mai daɗi.

Ran Talatar nan, bayan sallar la'asar, gabas ta haɗe. Iska ta fara tsayawa cak, kaji suka shige ƙarƙashin rumbu, sannan wata iskar mai sanyi ta taso tana ɗauke da ƙamshin ƙasar da aka jiƙa a wani wuri mai nisa. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon baranda, na biyu ya biyo shi, sai kuma duk rufin ya ɗauka. Na zauna a kujera ban motsa ba. Ban san lokacin da na bar Ɗanbatta ba. Na ga kaina ina ɗan shekara bakwai a gonar mahaifina, yana gaba yana sara da sungumi, ni ina biye da 'yar ƙwarya a hannu, ina zuba iri ina rufewa da dunduniya, ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsun ƙafata. Na ji muryarsa yana ce mini in rage hannu, gero ba ya son cunkoso. Mahaifina ya rasu tun ina jami'a, amma a yammacin nan yana nan, taku biyu a gabana.

Cikin wannan hali na ɗauki waya na naɗi ƙarar ruwan, kamar minti guda. An ji kwano yana amsawa, an ji indararo yana zuba, har da kukan wata akuya a maƙwabta. Na saurara sau biyu, na ce a raina dole mutanenmu na nesa su ji wannan. Na buɗe shafin na rubuta: "Alhamdu lillahi, ruwan shuka ya sauka a ƙasar Ɗanbatta." Na liƙa sautin a ƙasa, na saki. Ban aika wa Malama Rabi ta duba ba. Ban jira wakili ko ɗaya ba. Ko tsakar gidana ban fita na tona ba.

Kafin magariba amsoshi sun yi ta shigowa. Wani direba ya ce sai da ya tsayar da mota a gefen hanya ya saurara. Wata mata ta ce ta kunna wa 'ya'yanta da aka haifa a Legas, ta ce musu ga yadda ruwan garinsu yake magana. Tun da muka buɗe shafin ba a taɓa karɓar wani abu da muka wallafa kamar wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Washegari saƙonnin wakilai suka fara isowa. Cikin gari da ƙauyuka biyu na yamma, wuyan hannu. Wasu wuraren, tafi. Can arewa wani ya ce yatsa, wani ya ce su iska kawai suka samu. Ina cikin saurare Malama Rabi ta kira.

"Malam, ka ji saƙonnin?"

"Na ji."

"Ƙasar Ɗanbatta ka ce fa. Ko ƙasar a katangar gidanka ta tsaya ne ba mu sani ba?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce zan gyara. Gyaran da na yi shi ne na jera rahoton ƙauyuka kamar yadda muka saba, na sa shi a ƙasa. Amma jimlata da sautin ruwan na bar su a saman shafin, domin mutane suna ta yaɗawa, kuma ina jin nauyin in sauke abin da ya faranta musu rai. Na gaya wa kaina cewa duk mai gona zai gangara ya karanta jerin. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko muni, domin shi da idona a buɗe na yi shi.

Daga ranar sama ta rufe bakinta. Aka yi mako uku ba ko ɗigo.

A cikin mako na biyun ne saƙon Habibu ya zo. Habibu maigadi ne a wani wurin sayar da katako a Fatakwal, mutumin wani ƙauye ne a arewa da gari da zan kira Rijiyar Gawo, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san muryarsa, domin ya daɗe yana bin mu, kuma kowane saƙonsa da "a gaida gida" yake ƙarewa. A wannan karon muryar ta yi ƙasa.

"Malam Edita, ba ƙara na kawo ba, ina so ne kawai ka sani. Tun da mahaifinmu ya rasu, baffana ne, Baffa Sale, yake duba mini gona. Muna da wani gero na gidanmu, na kakanmu. Bana gara ta shiga rumbu, abin da ya tsira na iri bai wuce ƙwarya guda ba. Ranar da ka sa ruwan nan na kira Baffa na ce a shuka. Ya ce mini ya tona, tafi ne, a dakata. Ni kuma na karɓi wayar abokin aikina na kunna ruwanka, na kanga a bakin tawa, na ce Baffa saurara, malamin da ya yi jami'a ne ya rubuta. Malam, a nan Fatakwal kullum ruwa yana zuba a kaina, amma wallahi ban ji an yi ruwa ba sai ranar. Har ƙamshin ƙasa na ji. To, ya shuka. Ya tsiro, ya ƙone. Yanzu kunyar kiransa nake ji."

Bai ce a gaida gida ba.

Ran Asabar da safe na hau babur na nufi Rijiyar Gawo. Wanda ya san ƙasar nan ya san babu daji a cikinta. Gona ce take jingine da gona, gida yana hango gida, tsakaninsu gawo da kuka da ɗorawa, kowace bishiya da mai ita. Da na bar gari ina ganin tsiro kore-kore a layi, ina ƙara nisa yana ƙara siranta, har ya ɓace. Ƙasa ta koma fara, tsibin taki yana nan yadda aka zuba shi. Na ji kamar ina tafiya baya cikin kwanaki, ina komawa ranar da ba a yi ruwa ba.

Aka nuna mini Baffa Sale a ƙarƙashin wani gawo a bakin gona, dattijo ne siriri da ya haura saba'in, yana gyara ƙotar sungumi. Na yi sallama, na durƙusa muka gaisa, na faɗi sunana da abin da ya kawo ni. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Au, kai ne mai ruwan?"

"Ni ne, Baffa."

"Na ji shi. Ruwa mai kyau. Ko ni da aka kanga mini shi a kunne, ina tsaye a nan, sai da na ɗaga kai na duba sama."

Na ba shi haƙuri da duk kalmomin da na tanada a hanya. Ya bar ni na gama, sannan ya miƙe ya ce in biyo shi. A tsakiyar gona ya tsaya, ya nuna ƙasa da haɓa.

"Tona."

Na tsuguna na sa hannu. Ƙasar tana da zafi kamar an sauke ta daga wuta, kuma yatsuna da suka saba da alli ba su yi nisa ba suka fara raɗaɗi. Ya tsuguna kusa da ni, ya zura yatsa biyu ya zaro wani abu kamar zare, ya ɗora mini a tafi. Ƙwayar gero ce da ta buɗe, ta fitar da saiwa, saiwar ta nemi laima ta rasa, ta murɗe.

Na ce, "Baffa, tunda hannunka ya gaya maka tafi ne, me ya sa ka shuka?"

"Gonar ɗan ɗan'uwana ce, ba tawa ba. Yaro ya ce an rubuta. In na ƙi, aka wayi gari da ruwa, gonar kowa ta tsira ban da tasa, me zan ce masa? In ce hannuna ne ya hana? Hannuna bai je makaranta ba."

Ya faɗi wannan ba tare da ɗaci ba, shi ya sa ma ya fi shiga ta. Na ce zan je kasuwa gobe in samo iri mafi kyau. Ya girgiza kai.

"Iri ya cika kasuwa, Malam. Za mu shuka, kuma in Allah ya yarda ba za mu kwana da yunwa ba. Amma wancan ya tafi."

A hanyarmu ta komawa inuwa ya ba ni labarin geron. Mahaifinsu, Malam Jibo, shi ya riƙe shi. Zangarniyarsa tana da gashi mai tsini, tsuntsu ba ya iya zama a kanta, furarsa kuma tana da wani ƙamshi da ake ganewa tun daga zaure. Kowace kaka Malam Jibo yana shiga gona kafin a yi girbi, ya bi layi-layi yana zaɓar zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure daminta daban. Maƙwabta duk sun koma irin zamani mai saurin nuna, gidansu kaɗai ya rage. Na tambaye shi ko babu wani wuri, ko da nesa, da ake iya samun sa. Ya zauna a gindin gawon, ya ɗauki ƙotar sungumin yana murzawa.

"Tsohon yana da wata ɗabi'a. Duk yarinyar ƙauyen nan da za a kai aure wani gari, tasa ce ko ta wani, sai ya sa mata zangarniya uku a cikin kayan gara. Yana cewa ta riƙa shan furar gida. Amma wannan tun ina yaro ne. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuma wa ya san inda suke? Ƙila ma tun a makon farko suka daka suka sha."

Na dawo gari da wannan magana a kaina. Da yamma na rubuta sanarwa na aika wa Malama Rabi ta duba. Na fara ta da cewa "an samu kuskure a rahotonmu na ruwa." Ba a jima ba ta kira.

"Malam, wa ya samu kuskuren? A bakin hanya aka tsince shi?"

"To, ai an fahimta."

"Da ka sa ruwan, sunanka ne a ƙasa. Yanzu ma ka sa shi."

Na sake rubutawa. Na ce ni, edita, na rubuta cewa an yi ruwan shuka alhali a kan rufin gidana kaɗai na ji shi. Ban tona ba, ban jira wakilai ba, kuma da na gane gaskiya ban sauke rubutun ba. Na ce saboda haka wani gida ya rasa irin geron da ya gada. Da izinin Baffa da na Habibu na ambaci sunan Malam Jibo da ƙauyensu, na bayyana gashin zangarniyar, na kuma ba da labarin zangarniya uku. Na roƙi duk wanda yake da uwa ko kaka da aka auro daga can, ya karanta mata wannan da baki. Sannan na sauke tsohuwar jimlar daga saman shafin, na sa wannan a gurbinta.

Amsoshi sun zo iri-iri. Wasu sun yi mini faɗa, kuma sun yi daidai. Wasu sun yi addu'a. Wani ya rubuta, "Malam, in za ka sake yi mana ruwa ka biyo ta ƙauyenmu." An turo hotunan gero kala-kala, ina kai wa Baffa a waya ta hannun wakilinmu na can, yana dubawa yana cewa a'a. A kwanakin nan hadari ya fara taruwa da yamma yana watsewa. Ni da na yi makonni ina roƙon ruwa, sai na tsinci kaina ina kallon gabas da fargaba, domin idan ruwan gaske ya sauka Baffa ba zai bar gona fayau ba, zai zuba na kasuwa, zancen ya ƙare. Na kan tsaya a bakin aji ina kallon gajimare, ina tambayar kaina ko geron nake nema wa tsira ko sunana. Har yau ban gama amsa wannan tambaya ba.

Ran Alhamis saƙon murya ya shigo daga wata malamar firamare mai suna Zainabu, daga wani ƙauye a wajen Minjibir. Ta ce ta karanta wa surukarta sanarwar suna ɓarar gyaɗa, tsohuwar ta ajiye ƙwarya ta ce a kira mai shafin. Tana cikin bayani sai wata tsohuwar murya ta katse ta daga baya: "Ki ce masa Ladi ce, ta gidan maƙera. In Sale yana da rai zai gane."

Ran Asabar na ari motar wani abokin aikina, na ɗauko Baffa muka tafi. Ya sa farar riga da ya ajiye don Juma'a, kuma duk tsawon hanya yana ambaton sunayen bishiyoyi a hankali idan mun wuce su. Muka tarar da Iya Ladi a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, ƙanƙanuwar tsohuwa da ta haura tamanin, idanunta sun yi hazo amma kunnenta garau. Baffa ya durƙusa ya gaishe ta. Ta karkata kai tana sauraren muryar.

"Sale? Salen da ya bi jakin kayana yana kuka har bakin rafi?"

"Yaya Ladi, ba ke nake wa kuka ba. Alkakin da ke cikin kayan nake bi."

"Ka ji shi. Har yanzu bakin nan bai mutu ba. Haƙora nawa suka rage maka?"

"Sun isa tuwo."

Suka daɗe suna lissafa mutanen da suka sani, kusan kowane suna sai an bi shi da Allah ya ji ƙansa. Sannan ta ba mu labarin zangarniyarta uku. Ba ta daka ba. A daminar farko ta shuka su a bayan ɗaki, mijinta yana yi mata dariya wai ta zo da gona a cikin gara. Da kaka ta yi, tsuntsaye suka sauka a gonarsa suka bar nata. Daga shekarar ya karɓi irin, bayansa 'ya'yansa suka riƙe. Na tambaya cikin fargaba ko sun riga sun shuka na bana.

"A gidan nan? Ba a shuka sai na tona. Kai ni ake yi gona a ɗora ni a ƙasa in sa hannu. Bana ban ce a shuka ba tukuna."

Ta sa aka sauko da damin iri daga rumbu aka ajiye a gaban Baffa. Ya zaro zangarniya guda, ya shafa gashinta daga sama zuwa ƙasa, sannan daga ƙasa zuwa sama har ya soke shi. Ya murza kaɗan a tafi, ya hure, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna da haƙoran da ya ce sun isa tuwo. Ya rufe ido. Kurciya tana kuka a kan katanga.

"Shi ne," ya ce. "Ya ɗan rage tsawo, ya kuma yi haske. Ya dai zauna a wani gari."

"To mayar da shi gida," in ji Iya Ladi. "Ni ban samu komawa ba."

Ta ce a raba damin biyu. Sannan ta juyo inda take jin numfashina.

"Kai mai shela, kunna mini ruwan nan naka in ji abin da ya ruɗi mutane."

Na kunna, kunya tana cina. Ta saurara har ƙarshe, har kukan akuyar.

"Wannan ai ruwan kwano ne. Kwano yana ƙara wa ruwa girma, yayyafi ma sai ya mai da shi abin tsoro. Mu da muka tashi a ɗakin ciyawa, sai mun fita mun taka ƙasa muke sanin an yi ruwa."

Kwana huɗu bayan haka, da azahar, ruwan gaske ya sauka, bai ɗauke ba sai gab da magariba. Na zauna a barandar nan, wayata tana aljihu, ban taɓa ta ba. Da safe saƙonni suka taru, muka jera su ni da Malama Rabi. Muna cikin jerawa wata lamba da ban sani ba ta kira. Muryar Baffa ce, ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Gwiwar hannu," ya ce, ya kashe.

Bayan mun saki jerin, Habibu ya aiko da saƙo. "Malam, na gani, mun gode. Amma na riga na kira Baffa tun da asuba, shi ya gaya mini. A gaida gida." A duk shekarun da na yi a aikin nan, ba saƙon da ya kwantar mini da hankali kamar wannan da mai karatu ya gaya mini cewa ya riga ni jin labari.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mutanen da muke yi wa rubutu suna nesa, suna kewar gida, kuma mai kewa yana gaskata abin da ya yi kama da gida tun kafin ya bincika. Sun kuma ɗauka cewa abin da aka rubuta ya fi abin da aka faɗa nauyi, ko da wanda ya faɗa ɗin ya shekara sittin yana tona wannan ƙasa. Shafinmu kwano ne. Duk abin da ya faɗo a kansa yana ƙara girma. Saboda haka aikinmu shi ne mu kai musu maganar masu hannu a ƙasa yadda suka faɗe ta, da sunan ƙauyensu a gefe, ba mu sa tamu a samanta ba. Har yanzu ina sa sautin ruwan farko a kowace shekara, domin suna roƙo, amma sai bayan jerin ya fita, kuma a ƙarƙashinsa ina rubuta cewa wannan a kan rufin gidana kaɗai aka naɗa.

Da kaka ta yi a shekarar, wata ranar Lahadi bayan an tashi daga kasuwa, aka yi sallama a ƙofar gidana. Baffa Sale ne, da wani abu dogo naɗe a tsohon buhu. Ya ƙi shiga, ya ce motar ƙauyensu tana jira. Ya miƙo mini, na buɗe. Zangarniya uku ce, gashinsu yana sheƙi.

Na ce, "Baffa, ai ni ba amarya ba ne."

"Na sani. Ka shuka a bayan gida, ka riƙa ajiye iri. In ka sake yi mana ruwa, mu san inda za mu zo."

Ina shuka su kowace damina, layi huɗu a jikin katanga. Kuma kafin in zuba ƙwaya ɗaya, sai na tsuguna na tona.